Rigar Rama a Wuyan Maliki

"...ya ruwa, angona? Ina rigunana?"

Khaulat ce, jikar Maliki masunci, ta sauka daga kabu-kabu a bakin ruwan Wara. Karatun saƙa take yi a birni. Mako guda ke nan da ta ba tsohon riguna biyu, ɗaya auduga zalla, ɗaya auduga gauraye da zaren rama, ya riƙa zuwa su da su, kada a wanke. Gobe malaminta zai auna su, in babu riga babu sakamakon shekara. Ina gefe ina ɗinkin taru. Na ga abin da ke jikinsa, na ci gaba da ɗinkina.

"Amarya ko fura babu, sai tuhuma? Ta audugar na cikin leda. Kwana uku na sa ta, liman ya ce in koma sahun baya. Har kyanwa ta raka ni gida."

"Kai ko ba riga kyanwa na raka ka. Ta ramar fa?"

"Wace rama? Ni a kwaɗo na san ta, sai igiyar ɗaure akuya."

"To ga akuyar nan ɗaure. Rigar na wuyanka, tsoho."

Ya shafa ƙirjinsa.

"Sau biyu ƙugiya na kama ta, ba ta yage ba. Kakarki ma ta daina toshe hanci. Mi kuka sa mata?"

"Ba komi. Ƙwayoyin cuta ke sa zufa wari. Muna son mu gani ko zama a kanta ne ba sa so. Sai an yanka an duba."

"A yanka? Rigar da na je Juma'a da ita?"

Khaulat ta dafe kai. "Ka wanke ta ke nan! Ka kashe ni!"

"Ko ruwan alwala bai taɓa ta ba. Sahun gaba na zauna, ba wanda ya matsa. Rubuta, liman shaida ne."

"Malamina ba ya aiki da hancin liman. Wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tuɓe!"

Maliki ya tuntsire da dariya, ya cire ta a hankali, ya ninke. Ya ɗauko bandar kifi zai naɗe mata a ciki, ta fizge rigar da ihu.

"To riƙe kifin a hannu, mara godiya. Ki ce su yanka ta baya, inda liman ba zai gani ba."

Da la'asar na hango shi yana zagaya gonar ramar maƙwabcinsa.