Kofin Ruwan Zafi a Gwanzu

Ba zan taɓa mantawa da abin da na tafka a ƙasar Sin ba, a shekarar da aka naɗa sabon Sarkin Ingila. Bayan naɗin da wata biyu na ɗauki hutu daga aikin gadin da nake yi a wani ofis a unguwar Aldwych ta Landan, na yi booking ɗin jirgi, na nufi birnin Gwanzu ni kaɗai. Ba fatauci ya kai ni ba. Tun muna makarantar allo nake jin akwai Musulmi a Sin da tsofaffin masallatai, nake so in gani da idona. Maiɗakina ta ce, "Malam, a watan Yuli? Ka bari zafi ya wuce mana." Na ce mata haifaffen Sakkwato ba a yi masa barazana da rana. (Allah Ya yafe mini wannan alfahari.)

Ashe zafi suna ya tara. Na Sakkwato gasa mutum yake yi, na Gwanzu kuwa turara shi yake, kamar an kife shi a madambaci. A kwana na biyu na fita neman wani tsohon masallaci, na ɓata hanya, na yi ta bulayi har bayan azahar. Kaftanina ya manne mini a baya. Ɗan littafin da nake rubuta abin da na gani da ajami ya jiƙe a aljihu, tawada ta narke. Maƙogwarona ya bushe, raina kuma ya riga ya ɓaci, abokin faɗa kawai nake nema.

Sai na hango wani ɗakin cin abinci an rubuta halal da Larabci a ƙofarsa. Mai wurin dattijo ne da farar hula da ɗan siririn gemu. Na yi sallama ya amsa da fara'a, har da dafa ƙirji. Na nuna masa maƙogwaro. Ya shiga ciki ya fito da kofi riƙe da hannu biyu, yana tururi. Ba ganyen shayi, ba sukari, ruwan zafi zalla.

Na daure. Na yi fifita da hannu, na nuna masa gumin goshina. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya ɗauke kofin, ya dawo da wanda ya fi shi girma, ya fi shi tururi.

Nan fa na hau. A garinmu ko maƙiyinka ne ya shigo da rana tsaka, ruwan randa ake fara miƙa masa kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Na miƙe tsaye, na ɗauki kofin na sheƙar a bakin ƙofa, na ce da Hausa, "Kaza ka ɗauke ni da za ka fige? Kai ma Musulmi ne?" Dattijon ya tsaya da tire a hannu.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Ina fita na ciro waya na naɗi murya mai tsawo, na tura zauren WhatsApp na jama'ar masallacinmu na unguwar Lewisham, inda har liman yake. Na ce an wulaƙanta ni don ni baƙar fata ne. Na jawo aya, na jawo hadisin girmama baƙo.

Ban ko mayar da wayar aljihu ba sai ga amsar Alhaji Sumaila, wani ɗan Zangon Kumasi da ya shekara da shekaru yana sarin kaya a Sin. Dariya ta hana shi magana da farko.

"Wallahi Malam ka kashe ni! Mutumin girmama ka ya yi. Su a wurinsu ruwan sanyi yana ɓata ciki, musamman in mutum ya yi zufa. Da ya gan ka kana fifita ya ce wannan baƙo ya galabaita, a ƙara masa. Juya ka duba teburan mutane!"

Na juya, na leƙa ta gilashi. Kowane tebur da kofi mai tururi. Dattijon kuwa yana durƙushe da tsumma yana goge ruwan da na zubar, don kada wani ya zame. Mutum mai shekarun babban yayana.

Na yi maza in goge saƙon, na tarar kusan kowa ya saurara. 'Yata ma ta ji a wayar mahaifiyarta, ta rubuto, "Baba, please." Liman ya ce, "Allah Ya ƙara mana haƙuri," kuma na san da wa yake.

Na fi minti goma a rana ina jin haushin Sumaila, da zafin, da wanda ya ƙirƙiro waya. Daga baya na shiga. Na karɓe tsumman daga hannun dattijon na ƙarasa gogewa, na dafa ƙirji na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya shiga ciki, ya fito da kofi na uku. Na shanye shi tas a gabansa, harshe na ƙuna, gumi na zuba. Ya yi murmushi, ya sake cikawa.

Tun daga ranar, in raina ya ɓaci a garin mutane, nakan fara duba abin da ke kan teburin maƙwabcina kafin in jawo hadisi.