Sabon Jirgi da Alkakina

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da wannan ɗis, ɗis ɗin ba. Rufin kicin ɗina ne yake yoyo cikin kwanon da na tara masa, ni kuma ina tsaye ina kare alkakina da zane. Kwana uku na yi ina aikinsa, don ƙanwar maigidana ta haihu a wani ƙauye bayan Yekuwa, kuma wannan ne karo na farko da Inna, uwar mijina, ta ce, "Ke za ki yi mana alkakin suna." Tun daga wannan safiya duk abin da na gani da ruwa a ciki sai in ɗauka mai yoyo ne.

Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya cika tafkin da ke tsakanin hanya da ƙauyen. Mai amalanke ya sauke mu a baki ya ce iyakarsa ke nan. Ni ce, da 'yata Nana mai shekara shida, da Gwaggo Zulai, ƙanwar mahaifin maigidana, sai wasu mata uku da muka tarar suna jira.

Jirage biyu ne a wurin. Ɗaya ƙarami, baƙi ƙirin, an yi masa faci da gwangwani, ruwa kwance a cikinsa har da ƙwarya tana yawo. Ɗayan kuwa yana kan tudu, dogo, mai faɗi, fentinsa shuɗi yana ƙyalli, cikinsa a bushe kamar ɗakin amarya.

(In faɗi gaskiya, ilimina na jirgi bai wuce wani hoto ba a littafin lakwal, wato makarantar boko, lokacin ina kwaleji a Magariya: manyan jirage masu farin ƙyalle a bisa teku. Amma fa na ci burebe, jarrabawar gama kwaleji, kuma a ranar ina jin burebe ɗin nan a kaina.)

Mai ƙaramin, wani dattijo, ya hau kwashe ruwan da ƙwarya. "Gwaggo, ku taho bismilla."

"Baba Ilu, kana nan da ranka?" in ji Gwaggo, har da dariya.

Au, sun san juna ma! Nan na fara lissafi a zuci. Wato ciniki take kawo masa, ko da za mu nitse. Na matsa na duba facin nan ɗaya bayan ɗaya, na ƙwanƙwasa katakon.

"Baba, shekarar jirgin nan nawa?"

"Ya girme ki, 'yata."

"To ruwan nan ta ina ya shiga?"

"Ni na zuba shi."

Na kalli matan nan, suka kalle ni. Wa ya taɓa zuba ruwa a jirginsa da hannunsa? Na ce a raina, Allah ya yafe wa tsoho, ƙarya ba ta dace da furfura ba.

Na nufi mai sabon, wani magidanci da yake zaune a inuwa. Ya ce, "Hajiya, shekaranjiya aka kawo shi a mota daga ƙetaren iyaka. Bai sha ruwa ba tukuna. Ku bi Baba."

Maimakon in ji, sai zargina ya ƙaru. Na lura lokacin da yake magana ya saci kallon tsohon. Shi ke nan, sun haɗa baki, ko kuma tsohon ya tsorata shi. Sai na ji tausayinsa ya kama ni (ni da tausayi, shi ne abin da ke kai ni). Ga mutum ya sayi abin sana'arsa an hana shi ci.

"Malam, kar ka ji tsoron kowa. Mu naka za mu shiga."

Gwaggo ta ce, "Ke madam, katako sai ya jiƙa yake kumbura ya toshe kafofinsa. Busasshen jirgi rariya ne."

"Gwaggo, babban jirgi ya fi zama daram. Mun karanta."

"To, ki tafi da karatunki, ni in tafi da jikata." Ta fizgi hannun Nana. Matan uku kuwa suka biyo ni, ɗaya tana cewa, "Ai ita ta yi lakwal."

Mai jirgin ya ja numfashi, ya ce tunda ba nisa. Muka tura, muka shiga, na ɗora fantekar alkaki a cinya, na yi addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi don na wancan jirgi su ji.

Ba mu kai tsakiya ba na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba. Ruwa ne yake tsattsafowa ta kowace gaɓa, siriri-siriri, kamar ana tace koko. Na ɗage ƙafa.

"Madam, wannan ma a littafin yake?" in ji ta bayana.

"Ina ƙwarya?" na tambayi mai jirgin.

"Sabo ne, Hajiya, ban saya masa ba."

Muka koma kwasa da takalma. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Jirgin bai kife ba, a hankali ya zauna cikin laka kamar saniyar da ta gaji, ruwa iya ƙugu. Na miƙe na aza fanteka a ka, na ce ko ni zan jiƙe alkakin Inna zai tsira. Taku biyu na yi. Santsi ya ɗebe ni, na zauna daɓas, murfi ya yi gabas, alkakin kwana uku ya watse a kan ruwa.

Baba Ilu ya sauke su Gwaggo ya dawo ya kwashe mu. Ƙwaryar kawai ya miƙo mini, ya ce, "Rage wanda ya zubo daga zanenki, 'yata." Na roƙi gafararsa kaina a ƙasa, don na zarge shi da ƙarya. Ya ce, "Wace ƙarya?" Ashe shi bai ma san na yi ba, ni na tona kaina.

Haka na shiga gidan suna, laka har wuya, da fanteka wayam. Inna ta leƙa cikinta, ta dube ni, ta ce, "Sannu. A ba ta zane." Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi, don kafin la'asar Gwaggo ta ba kowace tabarma labarin, har da kwaikwayon "Mun karanta."

Abin da na koya dai, in mai abu da bakinsa ya ce kar ki shiga abinsa, ba a nan ake nuna tausayi ba. Kuma yanzu in na ga tsoho yana abin da ban gane ba, tambaya ta biyu nake yi kafin in yanke masa hukunci.

Ina bayan ɗaki cikin aron zane ina share hawaye, Nana ta zo ta rungume ƙafata.

"Umma, ki daina kuka, ba a yi asara ba. Na gani da idona, kifi ma sun ci suna."