Mama Baron da Marayan Turai

Duk Karen, unguwar masu kuɗin Nairobi, babu mai tausayin dabbobi kamar Madam Filomena Nyokabi, kuma ba sai ka tambayi kowa ba, ita da kanta za ta faɗa maka. Tausayin nata mai dogon zango ne, ba ya sauka sai ya tsallake teku. In ta ga hoton kare cikin dusar ƙanƙara a waya, hawaye har haɓa. In ta ga na bakin titin Nairobi, sai ta ɗaga gilashin mota.

Kujerar shugabar ƙungiyar jinƙan dabbobi ta unguwa take so, da ita take kwana da ita take tashi. Mai tare mata hanya ita ce Dakta Chebet, likitar dabbobi mai yawo da takalmin roba, wadda ta shekara shida tana kama karnukan titi, ta yi musu allura da fiɗiya, ta nema musu gida. Madam ta ce wannan leburanci ne, ba shugabanci ba. Sai ta yi odar marayan kare daga Romaniya.

Maraya ya sauka da fasfonsa, aka raɗa masa Baron. Daga ranar ta hana kowa kiranta Mama Muriuki, da sunan ɗanta na fari, ta koma Mama Baron. Shi kuwa Baron, a faɗi gaskiya, ja ne siriri, kunnuwa a tsaye, jela a naɗe. Dattijon direbanta Barasa ya ƙare masa kallo a filin jirgi ya ce kamar ya san fuskar nan. Ta ce ya kula da tuƙinsa.

Aka sa zaɓe ranar Asabar a lambun gidanta. Da hantsi masu kafa rumfa suka bar ƙofa a buɗe, Baron ya fice ko waiwaye babu.

Sai da Madam da Barasa suka zagaye unguwa kaf kafin aka ce su duba bayan rumfar mahauta. Can suka tarar da karnuka tara kwance a inuwa, duk jajaye, duk kunnuwa a tsaye, duk jela a naɗe. Madam ta kira Baron da muryar da ta tanada don baƙi. Su taran suka ɗago kai, su taran suka mayar. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Barasa ya ce a kira Dakta Chebet, tana da na'urar da ke karanta lambar da aka dasa wa kare a ƙarƙashin fata.

"In kira abokiyar takarata? Haba Barasa. Uwa ba ta neman na'ura kafin ta gane ɗanta."

Ta nuna wanda ya fi kowa ƙiba da sheƙin gashi. Aka kai shi gida, aka wanke da sabulun ƙasar waje, aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya.

Da la'asar mata suka cika rumfa, ana shayi da mandazi, fanken ƙasar. Mama Baron ta miƙe, igiya a hannu.

"'Yan'uwana mata, ku dubi tafiyarsa. Ku dubi yadda yake zama. Wannan tarbiyyar ba a tsintar ta a bola. Ba raini ba, amma kare irin namu na nan ko shekara goma ka yi kana wanke shi ba zai kai haka ba."

Ana cikin tafi karen ya fizge igiya, ya nufi Dakta Chebet yana kaɗa jela kamar ya ga dangi. Ta durƙusa ta shafa kansa, ta ɗaga kunnen hagu. Akwai 'yar tsaga a bakin kunnen, irin wadda take yi wa duk karen titin da ta yi wa fiɗiya don kada a sake kamo mata shi.

"Madam, wannan aikin hannuna ne, watan jiya," in ji ta a hankali. "Kuma wallahi na gode. Sati uku ina nema masa gida, kowa ya ƙi."

Kujera dai ta tafi wurin Dakta Chebet, ita ƙuri'a talatin da ɗaya, Madam biyu. Amma ƙungiya ba ta da butulci. Nan take aka amince a karrama Madam da takardar yabo, a matsayin mace ta farko a layinsu da ta ɗauki karen bola ta sa shi a falo. Aka ɗauki hotonsu tare don mujallar unguwa, yana lasar mata kunci.

Washegari Barasa ya bi likita da na'ura, suka gano Baron na gaskiya a ƙarƙashin teburin mahauci yana gurgurar ƙashi. Sau biyu ana mayar da shi gidan Madam, sau biyu yana haura katanga ya koma.