Mai Rage wa Kwamfuta Nauyi

Wani ne a nan bayan layinmu, Unguwar Kanawa. Sunansa kam ba za ku ji a bakina ba, don uwarsa ƙawata ce, tare muke zuwa Islamiyya. Yaron kirki ne wallahi, bai taɓa wuce ni bai durƙusa ba. Sai dai kan nan nasa, Allah ya shirya mana.

Yana da wata tsohuwar laftof da ya samo a ofishinsu da ke Doka lokacin da za a zubar. Ta tsufa har sai an tokare murfinta da gwangwanin madara. Ya sa mata wani abu wai shi Linux. Matarsa Husaina ce ta yi min bayani. Ta ce, “Iya, shi abin nan kamar ɗaki ne, kai za ka zaɓi jeren da za a yi a ciki. Akwai jere mai nauyi, akwai marar nauyi. Fuska suke ce masa. Kowace fuska da sunanta, kowace kuma da yawan ƙwaƙwalwar kwamfuta da take ci, da mega ake aunawa.” To, a wajen awon nan ciwon mutumin namu yake.

Ita Husaina ta daɗe tana neman aikin koyarwa. Sai ga saƙo daga wata makaranta, wai ranar Alhamis ƙarfe goma za su yi mata intabiyu ta bidiyo. Kuma lallai da kwamfuta, don za ta nuna musu darasin da ta shirya. Kwamfutar gidan kuwa ɗaya ce, ita ce mai gwangwani.

Ranar Litinin ta zauna ta koyi inda ake dannawa. Fuskar da ke kai sunanta GNOME.

Ta ce, “Kai, wannan ta yi kyau, Baban Yasmin.”

Ya ce, “Kyau? Dubi nan ki gani. Mega dubu da ɗari biyu, kuma tana zaune ba ta komai. Wannan ai amarya ce, daga kwalliya sai ci. Matsa.”

Ya cire ta, ya sa wata wai KDE. Wannan kuma komai nata yana da maɓalli, maɓallin ma yana da nasa maɓallin. Bawan Allah ya wuni yana sauya wa agogo launi. Ya yi kore, ya yi ruwan goro, ya koma kore. Husaina na tsaye a kansa da takardun darasinta har aka kira magariba.

Ranar Talata ya ce ita ma KDE ɗin ta cika surutu. Ya sa XFCE. Wannan ba ta da ado, amma tana aiki. Husaina ta buɗe darasinta, ya buɗu. Ta kira yayarta da ke Rigachikun ta bidiyo don gwaji, suka ga juna, suka ji juna, har yayar ta ce mata ta rame.

Husaina ta ce, “Baban Yasmin, na haɗa ka da girman Allah, bar ta haka zuwa Alhamis.”

Ya ce, “Haba, ni yaro ne? Ko ƙura ba zan goge mata ba.”

Ranar Laraba bayan la'asar ya je wajen mai shayi, ya tarar da abokinsa Balarabe, mai gyaran kwamfuta. Shi ma irin ciwonsu ɗaya.

Balarabe ya ce, “Mutumina, taka nawa take ci yanzu?”

Ya gyara zama, ya ce, “Ɗari biyar kacal.”

Balarabe ya yi dariya har shayi ya ƙware shi. Ya ce, “Ɗari biyar! Jama'a ku ji. Wato har yanzu da linzamin kwamfuta kake bin hotuna kana dannawa kamar ɗan firamare? Tawa ɗari da hamsin. Ni na bar fuska gaba ɗaya, i3 nake. Babu hoto, babu ado. Tagogi kawai take jera maka a allo, da madannai kake juya ta. Amma ba kowa ke iyawa ba, kai zauna a inda kake.”

Ko shayin bai ƙarasa ba. Ya iso gida ya tarar Husaina ta tafi kitso. Ya cire XFCE, ya sa i3, ya auna. Ɗari biyu. Har yanzu Balarabe na gabansa. Sai ya shiga cire-cire. Ya cire agogo, ya ce ai akwai ladan. Ya cire abin sauti, ya ce ai akwai rediyo. Ya cire wannan, ya cire wancan, har da abubuwan da bai san aikinsu ba, wai tunda bai san su ba ba su da amfani. Ya sake awo. Ɗari da arba'in! Nan take ya buga wa Balarabe waya, ya ce, “Gobe kai za ka gaishe ni.”

Alhamis ta zo. Husaina ta sha sabon kitso, ta sa hijabinta mai guga, ta kai Yasmin wajena. Goma saura kwata ta yi bismilla, ta buɗe laftof.

Baƙi ƙirin.

Ni ina tsakar gidana na jiyo salatinta ta katanga.

“Innalillahi! Baban Yasmin, ta mutu!”

Ya fito daga shi sai singileti, yana murmushi. Ya ce, “Ba ta mutu ba. Sauƙi ne kike gani.”

“Ina hotunan? Ina inda nake dannawa?”

“Su ne nauyin ai. Yanzu madannai biyu za ki haɗa, shi ke nan.”

“Waɗanne?”

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, “Bari dai.”

Ya danna biyu. Allo ya rabu gida biyu, duka baƙi. Ya sake dannawa, ya rabu uku. Ya ƙara, ya ƙara, ya ƙara, sai da allon nan ya koma kamar an yanka alewa.

Husaina ta ce, “Ƙarfe nawa?”

Ya ce, “Agogon na cire.”

Da ƙyar da jiɓin goshi intanet ta buɗu a wani ɗan lungu, bai fi gidan ashana ba. Ga masu intabiyu su uku a ciki, kawunansu kamar ƙwayar gyaɗa. Husaina ta gyara hijabi, ta yi sallama, ta gaishe su cikin ladabi, ta soma bayani. Su kuwa sai kallon juna suke. Can ta tsakiyar, wata mai tabarau, ta rubuto: “Malama, bakinki muke gani yana motsi, ba ma jin komai.”

Husaina ta juyo. Ya ce, “Au, sautin ne. Mega arba'in fa yake ci shi kaɗai.”

Ta ce, “Mayar da shi! Yanzu!”

Ya ce, “Kwantar da hankalinki, abu ne na daƙiƙa ɗaya.”

Ya sunkuyo ta kafaɗarta. Mutanen makaranta suka daina ganin malama, sai hammatar wani ƙato da singileti. Ya haɗa madannai uku ya danna da ƙarfi. Ɗif! Masu intabiyu suka ɓace, darasi ya ɓace, baƙaƙen tagogin ne kawai suka rage suna kallonsu.

Ana haka wayarta ta yi ƙara. Saƙon makaranta ne: sun gode, sun wuce ga mai bi mata, Allah ya sa rabonta na gaba.

Mutumin namu ya dubi allo, ya dubi matarsa, ya yi gyaran murya. Ya ce, “Amma tsakani da Allah, Maman Yasmin, kin dai ga saurinta.”

Ta ce, “Na gani, Baban Yasmin. Aikin da na shekara uku ina bi, ita minti biyu ya ishe ta ta kashe shi.”