Ranar da Kawu Ɗayyabu Ya Tashi Aza Harsashin Tashar Wuta

Kawu Ɗayyabu, ƙanin mahaifiyata, shi ne shugaban kwamitin ci gaban unguwarmu ta Tudun Maƙera, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar aza harsashi. In dai za a ɗora bulo a kan bulo a unguwar nan, ko kwalbati ce, ko ɗakin mai gadi, sai an kafa rumfa an jera kujeru. Kawu ya naɗe hannun babbar riga, ya karɓi cokalin gini, ya shafa siminti a hankali kamar mai shafa wa burodi bota, a ɗauki hoto. Daga nan kuma aiki ya koma hannun 'yan majalisarsa. Su shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, su sa magini a gaba daga safe har la'asar: "Layin nan ya karkace." "Yashi ya yi yawa." Magini ya rantse da Allah daidai yake, su ce ai rantsuwar ce ta ƙara sa su shakka.

To, bara taransifomarmu ta ƙone. Muka zauna a duhu har muka manta inda makunnin fitila yake, ruwan sanyi sai a wata unguwa. Ana nan sai labari ya zo cewa kamfanin wuta zai yi mana ƙaramar tashar rarraba wuta, tamu ta kanmu. Tun daga ranar tafiyar Kawu ta canza, har wani rangaji ya ƙaro.

Sai aka yi rashin sa'a ya tafi ta'aziyya ƙauye. A bayansa ma'aikata suka zo suka share filin bayan kasuwa, suka zuba wani dandamali na kankare, faffaɗa, sumul, suka ce za su dawo wata Asabar in ya bushe. Da Kawu ya dawo ya zagaya dandamalin, hannu a baya, ya gyaɗa kai.

"Kun ga mutanen da suka san darajar manya," in ji shi. "Ba a ko fara gini ba, sun riga sun yi wa manyan baƙi wurin zama."

Ba wanda ya musa, don ba wanda ya fi shi sani.

Ranar Asabar tun da hantsi aka kafa rumfa a kan dandamalin. Aka jera kujerun roba, aka kinkimo kushin daga falon Kawu don wakilin dagaci, aka ajiye bulo guda da aka shafe da farin fenti kamar ango. Kawu ya sha shadda mai maiƙo, ya riƙe abin magana, ya yi gyaran murya irin tasa mai hawa biyu.

"Ehem. Ehe-hem. A madadin ni kaina, da kuma ni da kwamitina..."

Bai ƙarasa ba sai ƙarar tirela ta cika layin. A bayanta an ɗaure wani ƙaton akwatin ƙarfe kore, ya kai girman shago, da ƙofofinsa da makullansa. Wata motar kuma mai doguwar ƙugiyar ɗaga kaya tana biye. Wani saurayi mai hular kwano ya diro, ya dubi rumfa, ya dubi kujeru, ya dubi dandamali. Injiniya Nafi'u ke nan, yaro mai ladabi, irin masu magana suna murza tafin hannu.

"Baba, barka da hantsi. Don Allah a ɗan gusa mana da rumfar, a nan za mu sauke."

"Madalla, kayan aiki sun iso," in ji Kawu ta lasifika. "Siminti ne a ciki ko rodi?"

"Tashar ce, Baba."

"Na sani. Na ce me ke ciki?"

"Ita ce ɗungurungum. Taransifoma da makunnai da wayoyinta duk suna ciki, a masana'anta aka haɗa. Ɗora ta kawai za mu yi a kan wannan kankaren, mu jona, a ba ku wuta."

Kawu ya sauke abin magana a hankali. Ya dubi farin bulonsa.

"To harsashin fa?"

"Ai a kansa kuke zaune, Baba."

Wakilin dagaci ya ɗan ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa. Yara suka fara kwashe kujeru, masu rumfa suka tuge ta. Kafin ka ce kwabo dandamali ya zama fayau, ƙugiya ta ɗago akwatin yana lilo a sama. Mutum ɗaya ya rage a tsakiya, da cokalin gini a hannu.

"Yaro," in ji Kawu, "wane dattijo ne ya zauna a wurin da ake haɗa abin nan?"

"Ba dattijo, Baba. Injiniyoyi ne."

"Ba dattijo," in ji Malam Hudu, ma'ajin kwamiti, wanda aikinsa a duniya shi ne maimaita ƙarshen zance yana girgiza kai.

"Wa ya ce musu layi ya karkace?"

"Bai karkace ba. A cikin rufi ake yi, ba ruwan sama, ba ƙura. An gwada komai kafin ta fito. Da a nan za mu gina, sai damina ta zo ta wuce muna haƙa muna jira."

"Muna jira," in ji Malam Hudu.

"To ga maslaha," in ji Kawu. "Ku sauke ta can gefe, ku kwance ta. In ɗauki ƙarfe na farko in aza, a yi addu'a, a yi hoto, sannan ku mayar da sauran a gaban idonmu."

Injiniya ya murza hannu har sai da na ji tausayin fatar.

"Baba, in muka kwance ta sai ta koma masana'anta an sake gwaji. Kuma motar ƙugiyar nan haya ce, wani aiki na jiranta. In ba mu sauke yanzu ba, da tashar za mu juya, ban kuma san ranar dawowa ba. Amma in an gama, sai ka zo ka yanka ƙyalle ka buɗe."

"Yankan ƙyalle na masu zuwa bayan an gama wahala ne. Ni mai harsashi ne."

Direban tirela ya tayar da mota. Daga ɓangaren mata guna-guni ya tashi, masu ƙullin zoɓo da masu markaɗe suka fara gyara ɗaurin zani. Sai ga Gwaggo Yalwa ta ratso taro tana dogara sanda. Ƙanwar mahaifin Kawu ce, tsohuwar ungozoma, rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya, kuma tun da wuta ta tafi zafi ya hana ta sakat. Ta kama hannun babbar rigar, ta ja shi kamar za ta kai shi wanka, har sai da ƙafarsa ta bar kankare. Ta ɗaga wa mai ƙugiya sanda, akwati ya fara saukowa.

"Gwaggo, ki bar ni," in ji Kawu yana waiwaye. "Tun da nake ban taɓa ganin abin kirki da aka haɗa a ɓoye, aka kawo wa jama'a shi a game ba."

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ni na karɓi haihuwarka, Ɗayyabu, a haɗe ka zo. Da kwamitinka aka ba aikin haɗa ka, da har yau ba a kai ga sa maka baki ba, da mun huta."