Kamaru Garau da Kaset ɗin Marigayi Mati

"Ni fa," in ji Kamaruddeen, yana kaɗa ƙafa a kan bencin shagonsa, "ko kaset ɗin da aka tono a ƙarƙashin rumbu ka kawo min, zan mayar maka da shi garau. Har gumin da ke goshin ɗan wasa sai ka gani."

Ba yau ya fara wannan magana ba, shi ya sa a ƙauyensu da ke gabas da Ɗanbatta ba a kiransa sai Kamaru Garau. Sana'arsa cajin waya da tura finafinai, amma in ka tambaye shi zai ce maka shi mai ceton tarihi ne. Yana cikin wani guruf na masoya tsofaffin finafinan Hausa, masu farautar kaset na da suna juye shi a waya. Wasu ke yin aikin, shi kuma ya ɗauki nauyin kushewa. Kowa ya saka fim, kafin a gama saukewa Kamaru ya rubuta, "Hoto dishi-dishi, sauti kamar ana suyar gyaɗa. Da ni aka ba." Abin da 'yan guruf ba su sani ba, mai karatu, shi ne ba a taɓa ba shin ba.

Rannan sai aka ba shi.

Baba Sabo tela ne ya shigo da wani abu a naɗe cikin kallabi. Tun zamanin samartakarsu, a wata shekara da gyaɗa ta yi kyau, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙauyen ta ɗauko mai kyamara daga Kano aka yi fim guda. Amininsa Mati ne ya fito a dillalin shanu, ya kuma cinye fim ɗin da dasasshiyar muryarsa. Mati ya rasu, bai bar ko hoton bango ba, don shi a ganinsa tsayawa gaban mai hoto aikin marasa gona ne. Kaset ɗaya ya rage a duniya, shi ne matarsa Inna Aina'u ta adana a ƙasan kwalla.

"So take ta sake ganinsa," in ji Baba Sabo, "jikoki ma su san kakansu. Don Allah ɗan nan, ka riƙe shi da hannu biyu. Babu na biyunsa."

"Baba, da hannu ɗaya ma ya ishe ni."

Kamaru ya aro tsohuwar bidiyo wajen wani mai gyaran rediyo a Ɗanbatta, ya jona ta da kwamfutarsa. Gaskiya dai gaskiya ce, nan ya yi ƙoƙari, don fim ya juyu. Hoton na rawa, layuka na ratsa shi, sautin na shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Amma ga Mati nan a kasuwar kara, inda ake cinikin shanu, baƙi siɗik, da billensa a kunci da 'yan baka uku-uku, yana rantse wa mai saye cewa ramammen san nan azumin nafila yake yi.

Baba Sabo ya cire hula ya share fuska da ita. "Shi ne. Wallahi shi ne. Zuba min haka a waya in kai mata."

"Wannan?" Kamaru ya dube shi da tausayi. "Ai wannan ɗanye ne, Baba. In ya fita da sunana a haka, ina zan sa kaina a guruf? Je ka, zan aiko."

Ya rufe shago ya shiga aiki. Yana da wata manhaja mai maɓallai da yawa, kowanne ana jansa daga kaɗan zuwa ƙarshe. Kamaru bai ga dalilin da zai sa mutum mai zuciya ya tsaya a kaɗan ba. Na kashe hayaniya, ya kai shi ƙarshe. Na ƙara launi, ƙarshe. Na goge zane da tabo, ya kai shi ƙarshe har yana neman ko da saura. Kwamfuta ta yi ta nishi kamar injin niƙa, shi kuwa yana ta sanar da guruf cewa su shirya ganin abin da ake kira aiki. Bai kalli abin da ya fito ba. Mai shakkar aikinsa ne ke dubawa.

Ranar nuni, bayan la'asar, aka taru a zauren gidan marigayi. Aka jona talabijin da batirin sola. Inna Aina'u ta zauna a gaba kan tabarma da sabon mayafi, jikoki kewaye da ita, dattawan da suka fito a fim ɗin suna jingine da bango. Kamaru ya yi jawabi kan yadda al'umma ke wasa da tarihinta, sannan ya danna.

Hayaniya kam ta mutu, ba ƙarya. Sai dai na'urar ba ta san bambancin hayaniya da kalangu ba. Ga makaɗi yana ta dukan fata, jijiyar wuya a miƙe, ba ka jin komai. Matan cikin fim suka kama hanci suka rangaɗa guɗa, ita ma shiru. Sararin sama ya zama shuɗin bula, gonar dawa ta yi kore irin na fentin ƙofar shagon magani, jar ƙasa kuma kamar an yi ɓarin manja.

Sai ga wani mutum ya shigo kasuwar kara. Fari sol, fuska sumul kamar ƙwai, haƙora reras. Ya buɗe baki, wata 'yar siririyar murya ta fito kamar mai magana a cikin randa. Dasasshiyar muryar Mati ma, ashe, hayaniya ce a wajen na'ura.

Jama'a suka dubi juna. Kamaru ya ɗauka mamaki ne ya kama su, ya gyara wuyan riga.

Fim ya yi nisa, Inna Aina'u ta juyo. "Ɗan nan, ni fa ƙafata ta fara sanyi. Yaushe Malam zai fito?"

"Inna, ai ga shi nan tun ɗazu. Shi ne mai riƙe da igiyar sa."

Ta matsa kusa, ta ƙura ido. "Wannan Balaraben?"

"Tsabta ce, Inna. Da can datti ne ya rufe shi."

"Billen nasa ne datti?" in ji Baba Sabo a hankali. "Askar da wanzamin gidansu ya yi masa ranar suna, wadda ubansa da kakansa suke da ita?"

"Na'urar ce ta ɗauka karcewar kaset ce," in ji Kamaru. "Tana da kaifin ido sosai."

Wani dattijo daga jikin bango ya ce, "Ni ma ban ga kaina ba. Na dai ga rigata a jikin wani yaro."

Da wani ne, da tuni ya nemi gafara. Kamaru kuwa ya ce wannan ƙaramin abu ne, su ba shi zuwa Juma'a. Ya koma shago, ya buɗe hoton inda Mati ya tsaya cak yana kallon kyamara, ya zana masa bille da 'yan baka da baƙin layi, ya ƙara kauri don kada a sake cewa ba a gani ba. Ya umarci kwamfuta ta ɗora zanen a kan fim ɗin gaba ɗaya. Ya duba wannan hoto guda, ya ga ya zauna daram, ya yaba wa kansa.

Ranar Juma'a zauren bai ɗauki mutane ba, don labari ya zaga gari, har daga ƙauyukan maƙwabta an zo. Aka kunna. Tun daga rubutun farko tsagar da ya zana tana nan a tsakiyar talabijin, ita kaɗai, tana jiran mai ita. Ta zauna a jikin katanga. Ta zauna a kan tulun wata mai fura. Da Mati ya iso ya tsaya, ta hau fuskarsa daidai, Kamaru ya yi sauri ya ce, "Kun gani?" Mati ya sunkuya ya ɗauki sanda, ya bar tsagarsa a sama. Kafin ya ɗago, ramammen san ya matso ya sa kansa a wurin, ya tsaya yana tuƙa, da bille da 'yan baka uku-uku.

Jikar Inna Aina'u ta nuna da yatsa. "Inna, wannan ne Kaka?"

Dariyar da aka yi, har awakin gidan sai da suka tsinke igiya. Inna Aina'u kaɗai ba ta yi ba. Ta jira aka lafa.

"Ɗan nan, Allah ya saka da alheri, ka sha wahala. Sabo ya ce akwai na farko, mai rawa da shuuu. Shi nake so."

Kamaru ya sosa ƙeya. "Ɗanyen? Ai ya cika min kwamfuta, na goge. In an gama sussuka wa ke ajiye ƙaiƙayi, Inna?"

"To ba komai. Ba ni kaset ɗina, a kai wa wani a Kano."

Nan fa Kamaru ya shiga kame-kame. Ya ce kaset yana nan lafiya. Ya ce yana wuri mai iska. Da Baba Sabo ya kama masa hannun riga, sai ya ce gara dai su zo su gani.

Ya shige gaba, jama'a na biye, aka bi ta bayan gari har gonarsa. Lokacin gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun addabi kowa. Kamaru kuwa, da ya ga fim ya shiga kwamfuta, sai ya ɗauki kaset a matsayin buhun da aka juye. Ya fasa shi ya yi abin da kowane manomi a yankin ke yi da mataccen kaset. Ga zaren nan baƙi mai sheƙi, an ja shi daga kara zuwa kara, ya ratsa gonar gaba da baya, yana walƙiya a rana, iska na kaɗa shi yana fir-fir. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Gonakin maƙwabta ta kowane gefe tsuntsaye sun yi musu baƙi, ta Kamaru ko ɗaya babu.

"Inna," in ji shi da 'yar murya, "in aka naɗe shi a hankali, akwai wata manhaja..."

Ba ta ko dube shi ba. Ta daɗe tsaye a bakin kunya, mayafi a kafaɗa, tana kallon zaren yana rawa a kan gero.

"Bar shi, ɗan nan," ta ce. "Kai da na'urarka kun gyara shi har ni matarsa ban gane shi ba. Tsuntsaye dai ga shi sun gane shi."