Jikan Hajiya na Roba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na haihu a gaban surukata ba, alhali ko ciki ba ni da shi.

Bari in faro daga tushe, domin ba na son labari marar tsari. Na kammala digirina na biyu a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, na yi aure, kuma tun ina budurwa nake fama da ciwon mara duk lokacin da al'adata ta zo. Wata abokiyar karatuna 'yar ƙasar Sin, mai suna Lin, ita ta bayyana mini yadda maganin gargajiyarsu ya raba watan mace zango-zango: akwai zangon hutu da ɗumi, da na gina jini, da na kazar-kazar, sannan na lallashin hanta (har yau ban san abin da aka yi wa hanta ba, amma na lallashe ta). Ita Lin jefi-jefi take bin tsarin, na ma taɓa kama ta da askirim a hannu. Ni kuwa na riƙe shi kamar kundin digiri. A kwanakin al'ada ba na shan abu mai sanyi, ba na taka ƙasa babu safa, ba na ɗaga kaya mai nauyi. Ina dafa shayin citta da wasu jajayen 'ya'yan itace da na yo oda daga nesa, waɗanda da suka iso na gane magarya ce, ta dai fi tamu ƙiba. Uwa uba, ina ɗaura jakar roba cike da ruwan zafi a marata.

Ana cikin haka sai Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta iso daga Maraɗi domin sunan jikar ƙanwarta Anti Balki, ta kuma sauka a gidan ƙanwar tata da ke McLeansville, kusa da garinmu. Rabonta da ni tun biki. Burina ɗaya ne: Hajiya ta koma gida tana cewa ɗanta ya auri natsattsiya. Har gwajin gaisuwa na yi a gaban madubi.

Ranar sunan ta faɗo a tsakiyar zangon ɗumi, a tsakiyar zafin Yuli. Maigidana ya dubi ƙafata a cikin mota ya ce, "Safar ulu? Yau? Don Allah ko jakar nan ki bari a mota."

Na ce masa tsari ba ya zuwa hutu, kuma na'urar sanyin gidan Anti Balki ba ta da maraba da firji. Na ɗaure jakata da ɗankwali a ƙarƙashin doguwar riga, na yafa mayafi. Da muka isa, maigidana ya nufi rumfar maza a bayan gida, ni kuma na shiga falon mata.

Kuskuren farko a wurin gaisuwa ya auku. Da jaka a mara ba a durƙusawa da sauri. Sai na sauka a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana tallafe da marata don kada kayana su zame. Hajiya ta dube ni, ta dubi Anti Balki. Anti Balki ta dubi silin tana murmushi.

Aka miƙo zoɓo da ƙanƙara, na ce na gode. Aka miƙo kunun aya mai sanyi, na ce na gode. Na ciro fulas ɗina na tsiyaya shayin citta, na shiga taunar magarya. Can Anti Balki ta ce, "Amarya, kama mini kular shinkafar nan mu kai wa maza."

Na amsa cikin ladabi da cikakkiyar jimla: "Anti, ki gafarce ni, ba na ɗaga abu mai nauyi a irin wannan lokaci."

"A irin wannan lokaci," in ji Anti Balki, tana juyawa ga jama'a. "Kun dai ji da kunnenku." Sai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

Sai a lokacin na fahimci inda aka dosa. Na miƙe zaune na ce, "Anti, ina mai tabbatar miki babu komai."

"Ku ji alkunya! Kai, 'yan Kano akwai tarbiyya."

"Wallahi da gaske nake."

"Har da rantsuwa! Ni ma a cikina na fari musu na yi ta yi har ungozoma ta shigo ɗaki."

Mai karatu ya san al'adarmu: mai cikin fari ba ta amsawa, don haka duk musun da na yi sai ya zama shaida a kaina. Gaskiyar kuma ba ta faɗuwa, domin wace suruka ce za ta buɗe baki a gaban uwar mijinta ta ambaci haila? (Na lalubo kalmomi masu mutunci a kaina, duk suka gudu suka bar ni.)

Hajiya ta yafuto ni. "Zo nan, ɗiyata." Idanunta har sun kawo ruwa. Na matsa, ta ɗora tafinta a kan marata tana addu'a. "Masha Allah, har da ɗumi." Ta ɗan danna. Ruwa ya kaɗa. "Balki, ya motsa! Wallahi ya motsa!" Ta ƙara dannawa da ƙarfin murna.

Ni da nake alfahari da tsari, ashe ban ɗaure murfin jakar da kyau ba. Ruwa mai ɗumi ya gangaro ta ƙafafuna, ya cika safar ulu, ya malala a kan kafet ɗin Anti Balki.

"Faya ta fashe!" in ji Anti Balki. "A kira ambulan! A kira mijinta! Bakwaini ne, ku ba ta iska!"

Mata suka yi kaina, wata na yi mini fifita da faranti, wata ta riga ta ɗaga waya. Na ga in ban yi magana ba, motar asibiti za ta zo da jiniya har gaban rumfar maza. Na ɗaga hannu biyu na ce kada a kira kowa. Ɗaga hannun nan shi ya kwance ɗankwalin. Jaka ta sulalo ta faɗi tim a tsakiyar falo: ja, a lotse, da hoton beyar irin na wasan yara yana barci a jikinta.

Idanu duka suka koma kan jakar. Ni kuma, saboda ruɗewa, sai na fara lacca. Na tsaya cikin jiƙaƙƙiyar safa ina bayanin zangon ɗumi da na gina jini, har na kai ga lallashin hanta.

"Bon, to," in ji Hajiya, da ɗan Faransancinsu na Maraɗi. Ta sunkuya ta ɗauki jakar, ta juya ta gaba da baya. Sannan ta miƙe ta ce, "La'asar ta yi, ku tashi mu yi salla. Ke ɗiyata zauna abinki, mun gane."

Da jimla ɗaya ta sanar da falo duka abin da na kasa faɗa. Dariyar da aka yi har maza suka aiko a tambayi ko lafiya.

Na zauna ni kaɗai ina tunanin yadda labarina zai isa Maraɗi. Da aka idar, Hajiya ta dawo ta zauna kusa da ni, jakar na hannunta. Ta rage murya ta ce, "Wannan abin, yana yi wa gwiwa?"

Na ce ina kyautata zaton yana yi.

"To na karɓe jikana."

Da shi ta koma. Duk sanda muka yi waya, kafin in gama jero gaisuwata sai ta ce, "Jikana na gaishe ki, ga shi nan bisa gwiwata, ba ya kukan dare." Natsattsiya dai ba ta taɓa kirana ba, amma ta fi kiran wayata a kan ta ɗanta.

Har yau ina bin tsarina, na kuma sayi sabuwar jaka mai murfin kirki. Abin da na koya shi ne, Sinawa sun yi lissafin hanta da jini da mahaifa, amma ba su yi lissafin Anti Balki ba. Yanzu in na je taron mata aka miƙo zoɓo da ƙanƙara, hannu biyu nake sa wa in karɓa, in riƙe shi a fili inda kowa zai gani, in jira sanyinsa ya huce.